Hotunan biki na RAW sun ƙi buɗuwa a waya: yaya zan mayar da su JPEG?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗauki hotunan ɗaurin aure a Unguwar Rogo da kyamarar Canon, na sa ta a RAW don an ce ya fi inganci. Yanzu dangin ango sun ce hotunan ba sa buɗuwa a wayoyinsu, mai wanke hoto a Terminus ma ya ce sai JPEG. Yaya zan yi? In na mayar, zan iya goge na asalin? Katina ya cika. Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙarshe ita ta fi damuna, da ita zan fara: kada ka goge. Kwashe su zuwa kwamfuta, ka sake ajiye kwafi a wani wurin daban, sannan ka share katin.

Fayil ɗin RAW, wanda Canon ke kira CR2 ko CR3, Nikon kuma NEF, bai zama hoto ba tukuna. Bayanin hasken da kyamara ta kama ne, shi ya sa wayoyi da yawa ba sa iya nuna shi. Kamar yadi ne da tela bai sa wa almakashi ba. Kyamarar da ke ɗauka da bit 14 (bit shi ne ma'aunin yawan bayanin da ake adanawa) tana rarrabe matakan haske 16,384, alhali JPEG, tsarin da aka tsayar tun 1992, bit 8 gare shi, matakai 256 ga kowane launi. Yana kuma zubar da wasu bayanai don fayil ya ƙanƙance, abin da ya zubar kuwa ya tafi ke nan.

A irin aikinmu ne wannan bambanci ya fi fitowa. An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, rana na tsaka, ango cikin farar shadda, fuskarsa a inuwa. Kyamara sai ta ƙona rigar ko ta duhunta fuskar. Da RAW za ka rage hasken farin har aikin wuyan babbar riga ya bayyana, ka ɗago inuwar har fuska ta fito ba tare da fatar ta yi toka-toka ba. Haka launin rawaya da fitilun ɗakin taro ke shafa wa mutane, da dusashewar da hazon hunturu ke jawowa a Jos. Duk wannan kafin mayarwa ake gyara shi. Sai dai inda fari ya ƙone ƙurmus, ko RAW ba ya ceto shi.

Ba sai ka kashe kuɗi ba. Canon na da manhajarta kyauta ta gyara RAW da mayar da shi JPEG, Digital Photo Professional. Akwai kuma darktable da RawTherapee, su ma kyauta. Lightroom biya ake yi. Gyara hoto ɗaya da kyau, ka ɗora gyaran a kan sauran da ka ɗauka cikin haske iri ɗaya, ka fitar da su gaba ɗaya.

Wajen fitarwa zaɓi tsarin launi na sRGB, don na Adobe RGB kan fito a koɗe a waya. Inganci 85 zuwa 90 cikin 100 ya wadatar. Na mai wanke hoto ka bar su da cikakken girmansu. Na dangi ka rage dogon gefen hoton zuwa pixel 2048, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai sake matse su.

Kada ka riƙa buɗe JPEG kana gyarawa kana sake ajiyewa, kowane karo yana ƙara lalacewa. In an nemi canji, koma kan RAW ɗin ka fitar da sabo. Biki na gaba kuma sa kyamarar a RAW+JPEG: ango ya samu nasa a ranar, kai kuma ka zauna ka yi gyaranka a tsanake.