Tambaya da Amsa: Giladiyolas ɗina ya ƙi yin fure

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah taimako nake nema. Ƙawata ce ta taho min da albasar furen giladiyolas (furen ado ne mai dogon kara, tushensa kamar albasa) daga Jos, na shuka a tukwane cikin watan Afrilu, ganye ya fito tsaf amma fure shiru, da na gaji na tono ɗaya sai na tarar ta ruɓe har tana wari. Ruwa kuwa safe da yamma nake ba su. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh ai ke da kanki kin faɗi matsalar, Afrilu a Kano, ga kuma ruwa sau biyu a rana. Giladiyolas yana son rana sosai amma ba ya son ƙuna, kuma mafi yawan danginsa daga kudancin Afirka suke, shi ya sa yake jin daɗin Jos da take kan tsauni wajen mita 1,200. A Kano kuwa watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, albasar na cikin tukunya tana dahuwa ke kuma kina ƙara mata ruwa, ina za ta samu ƙarfin fitar da fure? Ki bari sai damina ta ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ki shuka. Yana ɗaukar kwana 70 zuwa 100 kafin ya buɗe, kinga kenan furen zai zo miki cikin sanyin Janairu ko farkon Fabrairu tun zafi bai kankama ba.

Ƙasar ma ki duba ta. Laka mai riƙe ruwa ita ke kashe shi, ki haɗa ƙasa da yashi da takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe ya huce, banda ɗanyen kashin kaji dan Allah. Tukunya kuma lallai a huda gindinta. Ki binne albasar zurfin santimita 10 zuwa 15, tsinin yana kallon sama, tsakaninta da 'yar'uwarta ma kamar haka. Mutane da yawa sama-sama suke binnewa, sai karan ya yi tsawo ya kusa mita guda iskar hunturu ta zo ta kwantar da shi, gara ki zurfafa kuma ki kafa masa siririn kara ki ɗaure tun kafin furen ya yi nauyi. Ruwa ki bayar ya jiƙa sosai sannan ki ƙyale, sai kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe ki sake. In kina da albasa da yawa kar ki zuba su rana ɗaya, ki riƙa shuka kaɗan-kaɗan duk bayan sati biyu, furen zai daɗe yana zuwa.

Waɗanda suka ruɓe ki zubar har da ƙasarsu. Nan gaba in ganye ya fara zane-zane fari-fari ko furen ya fito a murɗe, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne ke tsotse shi, ki fesa ruwan ganyen darbejiya da yamma tun abin bai yi nisa ba.

Tambaya: Anti nawa ya yi fure ya gama, in tuge in yar ne ko zai sake? Daga Zariya.

Amsa: Kar ki yar! Ki yanke karan furen kawai ki bar ganyen, shi ke ciyar da sabuwar albasa a ƙasa, ko lokacin yankan fure na ado ma ana barin ganye huɗu a jiki. Bayan kamar sati shida in ya yi rawaya ki tono, za ki ga sabuwa ta hau kan tsohuwar da ta yamushe, da ƙananan 'ya'ya a gefe. Ki shanya a inuwa sati biyu zuwa uku, ki ɓalle tsohuwar, ki zuba a buhun raga irin na albasa wuri mai sanyi da iska. Sai ta huta wasu watanni kafin ta yarda ta tsiro, masu firij kan sa ta a ƙasan firij cikin takarda nesa da kayan marmari. 'Ya'yan nan su ma suna fure amma sai bayan shekara biyu ko uku.

Tambaya: Gaskiya ne yana cutar da dabbobi?

Amsa: Eh, musamman albasar, tana sa kyanwa da kare amai da gudawa, doki ma ba ta ƙyale shi ba. Ki ajiye inda yara da dabbobi ba za su kai ba, kuma kar a haɗa ta da kayan miya a kicin.