Ku Tambayi Barista: Kotun Niyok ɗin nan da ake yawan ambata a rediyo

Wasiƙu uku na ware a wannan mako, domin duk a ƙofar kotu ɗaya suka tsaya, wato kotun tarayyar Amurka mai kula da Kudancin jihar Niyok.

Assalamu alaikum, Barista. Kullum ina jin labarai na cewa an gurfanar da wane gaban kotun tarayya a Manhatan, kuma sau da yawa mutumin ba Ba'amurke ba ne. Ita ce kotun ƙolin ƙasar? Me ya ba ta ikon shari'ar wanda bai taɓa taka Amurka ba? Ina tambaya ne don ni da dala nake biyan masu aiko mini da kaya daga Sin. Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba kotun ƙoli ba ce, ko kusa. Kotun matakin farko ce, inda ake shigar da ƙara, a saurari shaidu, a yanke hukunci. Amurka na da irinta 94, kowace da yankinta. Jihar Niyok kaɗai na da huɗu: ta Kudu, ta Arewa, ta Gabas da ta Yamma. Wadda kake tambaya gundumomi takwas ne kacal a hannunta, ciki har da Manhatan da Bronx da Westchester. Ko filin jirgin saman JFK da mutanenmu ke sauka ba ya cikin huruminta, yana unguwar Queens ne, ƙarƙashin kotun Gabas da ke zama a Brooklyn. Wanda bai gamsu da hukuncinta ba zai tafi kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyu, mai kula da jihohin Niyok da Connecticut da Vermont, daga nan sai kotun ƙoli a Washinton, ita kuwa ƙararraki kaɗan take zaɓa ta saurara a shekara.

Kada ka auna ta da Babbar Kotun Tarayya tamu. Tamu kotu ɗaya ce mai rassa, alƙalin da ke Kano yau ana iya mayar da shi Fatakwal gobe. A can kowace kotun yanki gashin kanta take ci, kuma alƙalin da aka naɗa mata nata ne.

Tsufa kam ta tsufa. Majalisar Amurka ta farko ce ta kafa ta da dokar tsarin kotuna ta 1789, ta kuma fara zama ranar 3 ga Nuwamba na wannan shekara ƙarƙashin alƙali James Duane, wanda ya taɓa zama magajin garin Niyok. Kotun ƙoli ba ta yi zamanta na farko ba sai Fabrairun 1790, shi ya sa lauyoyin can ke yi wa wannan kirari da uwar kotuna. A lokacin duk jihar kotu ɗaya ce, sai a 1814 aka raba ta Kudu da Arewa, a 1865 aka yanki ta Gabas. Shekarunta na farko rigimar jiragen ruwa da kuɗin kwastan suka cinye su, abin da ake tsammani daga gari mai tashar ruwa.

Ba kowace shari'a take taɓawa ba. Kisa, sata, sakin aure, rigimar haya, galibinsu na kotunan jiha ne. Shari'ar da aka samu Donald Trump da laifi a 2024 ma a kotun jiha aka yi ta, duk da cewa ginin yana unguwa ɗaya da na tarayya. Kotun tarayya tana karɓar laifin da ya karya dokar tarayya, kamar damfara ta waya ko intanet, safarar ƙwaya, ta'addanci da halatta kuɗin haram, sai ƙarar da ta shafi tsarin mulki ko gwamnatin tarayya, sai kuma rigima tsakanin mutanen jihohi daban-daban, ko Ba'amurke da baƙo, idan abin da ake jayayya a kai ya haura dala 75,000.

To ina tsawon hannun ya fito? Daga abin da ke cikin Manhatan. Kasuwar hannun jari tana can, manyan bankuna suna can, hedikwatar kamfanoni da yawa tana can. Dalar da ka tura daga Kano zuwa Guangzhou ta banki, yawanci sai ta ratsa asusun wani banki a Niyok kafin ta isa, ko da kai da mai kayan ba wanda ya san hanyar garin. Idan damfara ce ko karya takunkumi, wannan ratsawar kan ishi mai gabatar da ƙara ya ce wani sashe na laifin a yankinsa aka aikata. Da irin wannan hujja aka samu wani babban jami'in bankin gwamnatin Turkiyya da laifi a 2018, kan taimaka wa Iran kauce wa takunkumi. Akwai kuma laifukan da dokar Amurka ta ce tana bin su har ƙetare, kamar kai wa ofisoshin jakadancinta hari. Waɗanda aka tuhuma da tayar da bama-bamai a Nairobi da Darussalam a 1998, a wannan kotu aka yanke wa huɗu daga cikinsu hukunci a 2001.

Ni dai ban ga adalci sosai ba a ce ƙasa ɗaya ta zama alƙalin duk wanda ya taɓa kuɗinta. Amma haka abin yake. Ciniki na halal, da takardun kaya da rasit a ajiye, ba abin da zai haɗa ka da su. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne ba wa wani aron asusunka ya karɓi dalar da ba ka san tushenta ba.

Kuma ba duk shari'ar ɗan Najeriya ce ake yi a Manhatan ba, kamar yadda ake ɗauka a majalisar shayi. Umar Faruk Abdulmutallab a Detroit aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012, saboda can jirgin ya nufa. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, a Los Angeles aka ɗaure shi a 2022.

Barista, barka da aiki. Malaminmu ya ba mu labarin gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano, ya ce iyayen har Amurka suka kai ƙara. Yaya aka yi talakawan Kano suka shiga kotun Niyok, kuma yaya ta ƙare? In irin haka ta sake faruwa, za a iya komawa? Daga wata ɗalibar aikin jinya, Fagge.

'Yata, kin taɓo inda wannan kotu ta fi kusa da mu. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 10,000 a Najeriya, akasari a Arewa. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada sabon maganinsa a kan yara kusan 200, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin Trovan, shida a ɗaya rukunin, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyayen suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma nemi yardarsu ba. Kamfanin ya musanta, ya ce an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar ba maganin ba.

Abu biyu suka buɗe musu ƙofa a 2001. Na farko, hedikwatar kamfanin a Manhatan take. Na biyu, wata 'yar gajeriyar aya da ke cikin waccan doka ta 1789 da ta haifi kotun kanta, wadda ta ce baƙo na iya kai ƙara kotun tarayya kan cutarwar da ta saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Kusan shekara 190 ayar tana kwance ba a cika waiwayarta ba, sai daga 1980 lauyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka farfaɗo da ita.

Shiga kotu daban, a saurare ka daban. Alƙali William Pauley ya kori ƙarar a 2002, ya ce tunda a Kano abin ya faru, shaidu da takardu suna can, kotun Najeriya ce ta fi dacewa. Lauyoyin iyayen suka ce ai ƙarar da wasu suka shigar a Kano ɗagewa kawai ake ta yi, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo masa da ita a 2003 ya sake dubawa. A 2005 ya sake kora. Sai a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara, da rinjayen alƙalai biyu kan ɗaya, ta ce gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba abu ne da duniya ta haramta, don haka ƙarar na da gurbi. Kamfanin ya garzaya kotun ƙoli, ita kuma a 2010 ta ƙi sauraronsa.

Ki lura, duk shekarun nan tara ba a taɓa kiran shaida ɗaya ya faɗi abin da ya gani a Asibitin Zana gaban masu yanke hukunci ba. Gardamar ko kotun na da hurumi ce ta cinye su. Da sulhu aka rufe. A 2009 kamfanin ya daidaita da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba: 35 domin iyalai, 30 domin ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. A 2011 aka sasanta sauran ƙararrakin, kuma a Agustan shekarar iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayar halitta da ya jawo ƙorafi mai yawa. Yaron da aka yi wa allura yana da shekara biyar, lokacin ya kai ashirin.

Komawa kuwa, yau ta yi wuya ƙwarai, kuma wata ƙarar 'yan Najeriya ce ta jawo. 'Yan Ogoni sun kai kamfanin Shell wannan kotu. Iyalan Ken Saro-Wiwa sun samu sulhun dala miliyan 15.5 a 2009, amma ƙarar Esther Kiobel ta kai har kotun ƙoli, wadda a 2013 ta ce waccan aya ba ta bin abin da ya faru kacokan a wata ƙasa, sai in ya shafi Amurka sosai. A 2018 ta ƙara da cewa ba a kai kamfanin ƙasar waje ƙara da ita. A 2021 wasu 'yan Mali da suka ce an bautar da su suna yara a gonakin koko a Kwaddebuwa suka faɗi, duk da cewa kamfanonin da suka kai ƙara a Amurka suke. Saboda haka duk wanda ya zo unguwarku yana karɓar kuɗin fom da sunan zai kai ƙara Amurka, ku tambaye shi wace doka zai hau. Lauyoyin can masu irin wannan aiki ma ba sa karɓar kuɗi a gaba, kasonsu suke cira in an ci.

Ranka ya daɗe. Ɗana direban tasi ne a Bronx, ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Ya ce kotun tarayya ta aiko masa da sammaci wai ya zo ya zauna cikin masu yanke hukunci. Uwarsa ta kasa barci. Yaron ko sakandare da ƙyar ya gama, ina shi ina alƙalanci? Daga wani dattijo, Zangon Kumasi.

Baba, a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ba tuhumarsa ake yi ba. A tsarinsu, alƙali doka yake fassarawa, yana tsare ƙa'idar zama, yana kuma yanka tsawon ɗauri. Amma ko mutum ya aikata ko bai aikata ba, mutanen gari 12 ne ke faɗa, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Ana zaƙulo sunayensu da ƙuri'a, musamman daga rajistar masu zaɓe, kuma sharaɗin shi ne mutum ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 18, yana jin Turanci, ba shi da babban laifi a kansa. Ba a tambayar digiri. Akwai kuma wani rukuni na mutum 16 zuwa 23 da ke zama a asirce, su ne ke duba ko hujjar gwamnati ta isa a tuhumi mutum tun farko.

Mai yiwuwa ma ya je ya dawo ba a zaɓe shi ba, domin ana kiran mutane da yawa, alƙali da lauyoyin ɓangarorin biyu su tace. Kuma shari'o'in da ke kaiwa ga wannan mataki kaɗan ne, kusan tara cikin goma na waɗanda gwamnatin tarayya ta tuhuma amsa laifi suke yi don neman sassauci. Dalili a fili yake: ɗaurin tarayya ba a sakin mutum a rabin wa'adi, ko mai kyakkyawan hali sai ya yi kusan kashi 85 cikin 100. Bernard Madoff, da ya cinye dukiyar masu zuba jari, amsawa ya yi a wannan kotu a 2009, duk da haka aka ba shi shekara 150.

In an zaɓe shi, kada ya raina kansa. Masu irin wannan zama ba 'yan amshin shata ba ne. A 2009 an kawo Ahmed Ghailani, wanda ake zargi da hannu a bama-baman Nairobi da Darussalam, daga Guantanamo, a 2010 aka yi masa shari'a da tuhuma 285, mutanen gari suka wanke shi daga 284, ɗayar da ta rage ce ta jawo masa ɗaurin rai da rai. Alƙalin da zai zauna a gabansa kuwa ɗaya ne daga masu kujeru 28 na kotun, shugaban ƙasa ke naɗawa, majalisar dattawa ta amince, kuma ba a yi masa ritayar dole. A kan waɗannan kujeru Constance Baker Motley ta zauna daga 1966, mace baƙar fata ta farko da ta zama alƙaliyar tarayya, haka ma Sonia Sotomayor kafin ta kai kotun ƙoli.

Ba za ku gan shi a talabijin ba, don ba a shiga da kyamara shari'ar laifi a kotun tarayya, shi ya sa zanen hannu kuke gani a labarai. Kuma muddin ana shari'ar, an hana shi tattauna ta da kowa, har ku, saboda haka kada Hajiya ta matsa masa a waya. Ana biyan dala 50 a rana da kuɗin mota, wanda ga direban tasi asara ce, na sani. Idan zaman zai durƙusar da shi, ya rubuta wa kotun ya nemi a ɗage masa ko a ɗauke masa, suna duba irin wannan uzuri. Abin da bai kamata ba shi ne ya jefa takardar a aljihun mota ya manta, domin wanda ya ƙi zuwa ba dalili ana iya cin sa tarar da ta kai dala 1,000, ko a tsare shi har kwana uku.