Ku Tambaya Mu Amsa: Abotar Rasha da AES, mi za ta ƙara ma mutumin Maraɗi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan satin kusan duk kan magana guda suka zo, wato zumuncin nan da ake ta ƙullawa tsakanin Rasha da ƙasashenmu uku na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, sai na tsamo uku daga ciki.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne nan Maraɗi, ina saida shinkafa da taliya da man girki, kuma ina ɗan taɓa noma wajen Jiratawa. Kullum a radiyo sai mu ji ministocinmu sun tahi Mosko an sa hannu ga takarda kaza, a fadarmu ta shayi ma yara sun kasu biyu, wasu na cewa tunda Rasha ta zo shikenan wahala ta ƙare wasu kuma na cewa ubangida kawai aka canza. Ni dai tsakani da Allah ban gane ba. Mi wagga abota za ta ƙara mini a shagona da gonata? Daga wani Alhaji, unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi yi ma kasuwa albarka. Tambayarka ta yi daɗi domin a kan shago da gona ka ɗora ta, kuma nan ne ya kamata a auna kowace abota.

Bari mu ɗauko ta daga tushe a taƙaice. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu a yarjejeniyar Liptako-Gourma ran 16 ga Satumbar 2023, daga nan AES ta samo asali. Ran 6 ga Yulin 2024 a Yamai aka maida ita tarayya, sannan ficewarmu daga CEDEAO ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025. A tsakanin nan sojan Faransa suka fita a Disambar 2023, na Amurka suka bar sansanin Agadas a 2024, kuma a Afrilun 2024 masu horas da soja daga Rasha suka sauka Yamai da kayan kare sararin sama. To a farkon Afrilun 2025 ne ministocin harakokin waje ukun, namu Bakary Yaou Sangaré da Abdoulaye Diop na Mali da Karamoko Jean-Marie Traoré na Burkina, suka je Mosko tare suka zauna da takwaransu na Rasha Sergei Lavrov da sunan AES ɗungurungum, ba kowa shi tafi da ƙoƙon bararsa ba. Wannan kam ni na yaba, don ƙasa uku in sun shiga ɗaki da baki guda sun fi ƙasa ɗaya kwarjini, ko a kasuwa ma ka sani mai sayen tirela uku ba farashinsu ɗaya da mai sayen buhu goma ba.

Amma Alhaji in ka duba abin da aka fi tattaunawa can, tsaro ne, makamai da horo da tallafa ma rundunar haɗin gwiwa ta soja 5,000 da aka ce za a kafa. Nan ne Rasha ta ke da ƙarfi. A fannin ciniki kuwa hannunta a Afirka bai kai yadda yaran fadarku ke zato ba. A 2023 cinikin Rasha da Afirka baki ɗaya ya ɗan haura dalar Amurka biliyan 24, kuma mafi yawansa da ƙasashen arewa ne irin su Masar da Aljeriya, alhali na Caina da Afirka a shekarar ya kai biliyan 282. Ka tashi ka zagaya shagonka da kanka, ka ɗaga buhun shinkafa ka karanta inda aka yi shi, ka duba jarkar mai da katan ɗin taliya, ka leƙa maƙwabcinka mai saida batir da fitila da kayan babur, ka gaya min guda nawa ka gani da rubutun Rasha. Kayanmu daga Asiya suke zuwa da Turkiyya da Najeriya. Ko man SORAZ da muke sha, matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, da kamfanin CNPC na Caina aka gina ta, haka bututun da ya taso daga Agadem zuwa Seme a Benin mai tsawon kusan kilomita 2,000.

To ina Rasha za ta iya taɓa rayuwarka kai tsaye? Ni wuri biyu na gani. Na farko gonarka. Rasha na sahun gaba a duniya wajen fitar da takin zamani da alkama, kuma duk manomin da ya taɓa tsayawa gaban mai taki ana gab da damina yana lissafin buhu nawa kuɗinsa za su saya ya san mi nake nufi. Bara wani dattijo ya nuna min gonar masararsa wajen Jiratawa, rabin da ya samu taki kore shar rabin da bai samu ba ganye ya yi rawaya ko ƙugu bai kai ba, gona ɗaya ruwa ɗaya, har yau abin na raina. In da shugabanninmu uku za su haɗa buƙatar manomansu su yi cinikin taki a dunƙule, a kawo shi kafin ruwan farko ba bayan an yi noman biyu ba, wallahi da mutumin Mayahi da Dakoro da Tasawa ya san an yi abota ba sai an faɗa masa a radiyo ba.

Na biyu wuta. Ba wanda ya manta lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, ga shi a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can ta ke zuwa, mu nan Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa, mai walda ya yini zaune gaban shago, mata masu ƙanƙara da zoɓo jarinsu ya narke a firiji. A Yulin 2025 ministan makamashin Rasha Sergei Tsivilev ya zo Yamai aka sa hannu a takardar fahimtar juna kan makamashin nukiliya da kamfanin Rosatom, kuma tunda muna da yuraniyom a Arlit maganar ta faranta ran mutane da yawa. Sai dai ka sani takardar fahimtar juna alkawarin zama ne a ci gaba da magana, ba kwangila ba ce, kuma tashar nukiliya ko a ƙasar da ta daɗe da injiniyoyinta shekaru masu yawa ta ke ci da kuɗi masu nauyi. Kafin nan muna da rana da ke ƙona mu kyauta.

Abin da ya fi shafar farashin shagonka yau hanya ce. Rasha ba ta da iyaka da mu, duk abin da za ta aiko sai ya sauka tashar ruwan wani, kuma tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville kaya da yawa sai sun biyo ta Lome su ratso Burkina da rakiyar soja, kwanakin da mota ta yi a hanya kai ne ke biyan su, daga kai kuma sai mai sayen tiya ɗaya. Ga kuma harajin AES na kashi 0.5 cikin 100 da aka sa a Maris 2025 kan kayan da ake shigowa da su daga waje, wato kayan jaka 200 ka biya jaka 1 a duwan, shi kam bai da yawa, amma haƙƙinka ne ka tambayi mi aka yi da shi. Game da yaran da ke cewa an canza ubangida, ka ce musu abin da zai raba gardama shi ne a fito da sharuɗɗan kowace yarjejeniya fili, musamman ta ma'adinai, nawa za a ɗauka nawa za a bar mana, 'ya'yanmu nawa za a koya ma aikin. Ɓoye irin wannan ne ya cuce mu shekara da shekaru a kan yuraniyom, kuma ban so a maimaita da kowa.

TAMBAYA: Malam ni malamar makaranta ce a yankin Madarunfa. Shin sojan Rasha za su taimaka mana da masu satar mutane da shanu? Mun gaji da kwana ido biyu.

AMSA: Malama Allah shi tsare ku, shi maido da waɗanda ke hannu lafiya, wannan abu yana ci min rai ƙwarai. Gaskiya ita ce hankalin rundunar AES ya fi karkata yamma, yankin iyakoki uku wajen Tilaberi inda masu iƙirarin jihadi suka fi ƙarfi. Naku bala'in na Madarunfa da Gidan Runji daban ne, 'yan bindiga ne da ke ƙetarowa daga dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato su ɗauki mutum su koma kafin gari ya waye. Kayan aiki da horo za su ƙara ma sojanmu da jandarmominmu ƙarfi, amma in ba a kama ɓarawo ta baki biyu ba zai tsallaka ne kawai. Shi ya sa na ji daɗi da babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin Janar Christopher Musa ya zo Yamai a Agustan 2024 ya zauna da takwaransa namu Janar Moussa Salaou Barmou, haka da zuwan ministan harakokin wajen Najeriya na lokacin Yusuf Tuggar a Afrilun 2025. Mu da Katsinawa uwa ɗaya uba ɗaya muke, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 ana yi, ba yadda za a yi abota da na nesa ta hana mu zama da na jikin katanga. Ku ci gaba da kai rahoto ga hukuma da masu gari da zaran kun ga baƙuwar fuska.

TAMBAYA: Wai da gaske ne za a daina sefa mu koma kuɗin Rasha? Na ga hoton sabon kuɗi a WhatsApp. Daga ɗalibi, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

AMSA: A'a ɗana. CEDEAO muka fita, amma ƙasashen uku suna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sefa kuma tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro 1 sefa 655.957, wajen dala 131 kenan a lissafin kasuwarmu na dala ɗaya sefa 5. Shugaba Tiani ya taɓa maganar kuɗin kanmu a 2024, amma wannan kuɗin AES ake nufi ba na Rasha ba, kuma abu ne da sai an kafa babban banki an tara ajiya kafin a buga ko takarda ɗaya. Hotunan nan haɗa su ake yi a waya, kada ka tura ma kowa, kuma ka gaya ma su Baba a gida kada wani ya ruɗe su ya karɓe musu sefa da sunan canji.

Sauran tambayoyin, har da ta Hajiyar da ta tambayi fasfon AES da shiga Najeriya da shi, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.