Ko baya da aka bar Intel a harkar ƙirƙirarriyar basira alheri ne gare shi?

Wani Alhaji mai sayar da kwamfutoci ya rubuto yana cewa yana son sayen hannun jarin kamfanin Intel na Amurka, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Hujjarsa ita ce, ana ta faɗin cewa kuɗin da ake zubawa a harkar ƙirƙirarriyar basira sun wuce kima, kuma ranar da kasuwar ta ruguje, kamfanoni irin su Nvidia, mai sayar da na'urorin da ke tafiyar da wannan basira, su ne za su sha ƙasa, shi kuwa Intel da aka bari a baya bai ci nanin ba, nanin ba za ta ci shi ba. Yana tambaya ko wannan lissafi ya yi daidai.

Alhaji, a ganina akwai ɗan ƙamshin gaskiya a lissafinka, amma bai kai a ɗora dukiya a kansa ba. Gaskiyar da ke ciki ita ce, farashin hannun jarin kamfanin da aka ɗora wa dogon buri ya fi saurin rikitowa idan burin bai cika ba. Darajar Nvidia a kasuwa ta kai dala tiriliyan 5 a watan Oktoban 2025, kuma kaso mai yawa na wannan daraja ya ta'allaƙa ne a kan zaton cewa Microsoft da Amazon da Google da Meta za su ci gaba da sayen na'urorinsa kamar yadda suke yi yanzu. A lokacin, ba wanda ya ɗora wa Intel irin wannan zato, domin na'urarsa ta ƙirƙirarriyar basira mai suna Gaudi, wadda ya samu bayan sayen kamfanin Habana na Isra'ila a 2019 kan dala biliyan 2, ba ta iya kawo ko cinikin dala miliyan 500 da kamfanin ya sa rai da shi a 2024 ba.

Sai dai rashin shiga gasar bai hana Intel biyan kuɗinta ba. Manyan kamfanonin da ke gina cibiyoyin sarrafa bayanai suna da kasafin da suke kashewa duk shekara, kuma da suka karkatar da kaso mai tsoka zuwa na'urorin Nvidia, sai abin da ya rage wa ƙwaƙwalwar kwamfuta irin ta Xeon da Intel ke ƙerawa ya ragu, ga kuma abokin hamayyarsa, kamfanin AMD, yana ta ƙwace masa masu saye. Cinikin Intel ya faɗi daga kusan dala biliyan 79 a 2021 zuwa kusan biliyan 53 a 2024, shekarar da ya yi asarar kusan dala biliyan 19, ya dakatar da rabon riba ga masu hannun jari, ya sanar da sallamar ma'aikata kimanin 15,000, sannan shugabansa Pat Gelsinger ya sauka a watan Disamba. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da abokan sana'arsa ke kwasar riba.

Abin da na fi so ka duba shi ne yanayin Intel idan kasuwar ta ruguje da gaske. Nvidia ba shi da masana'antar ƙera na'urorinsa, yana zana su ne ya miƙa wa TSMC na Taiwan ya ƙera, saboda haka idan masu saye suka ja baya, zai rage yawan abin da yake ba da kwangila. Intel kuwa yana da masana'antu na kansa waɗanda kowace ɗaya ke cin biliyoyin daloli kafin ta fara aiki, kuma ko ana ciniki ko ba a yi, sai an biya ma'aikata da kuɗin wuta da bashin gini. Babban fatansa a yau shi ne wasu kamfanoni su riƙa kawo masa aikin ƙera na'urorinsu, kuma ɗaya daga cikin dalilan da za su sa su zo shi ne aiki ya yi wa TSMC yawa. Ranar da buƙata ta faɗi, TSMC zai samu sarari ya karɓi kowa, dalilin zuwa wajen Intel kuma ya ragu. An taɓa ganin makamancin haka: da kasuwar kamfanonin intanet ta ruguje a 2000, cinikin Intel ya sauko daga kusan dala biliyan 34 zuwa ƙasa da biliyan 27 a 2001, alhali shi ba kamfanin intanet ba ne.

Tallafin da Intel ya samu a 2025, bayan Lip-Bu Tan ya karɓi shugabanci a watan Maris, daga wata ƙofa ya fito. Gwamnatin Amurka ta mallaki kusan kashi 10 cikin ɗari na kamfanin a watan Agusta kan dala biliyan 8.9, SoftBank na Japan ya zuba biliyan 2, shi kansa Nvidia ya yi alƙawarin biliyan 5 a watan Satumba. Dalilin gwamnati a fili yake: ba ta son ƙasar ta dogara kacokan ga Taiwan, kuma Intel ne kaɗai kamfanin Amurka da ke ƙoƙarin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi ci gaba a masana'antarsa. Wannan yana rage fargabar durƙushewar kamfanin, amma ka lura cewa sababbin hannayen jari aka fitar domin karɓar waɗannan kuɗi, don haka kason tsofaffin masu jari ya ƙanƙance.

Idan har ka ƙuduri niyyar saye, Alhaji, ka bibiyi rahoton kamfanin na kowane wata uku, ka ga ko sabuwar fasaharsa ta ƙira mai suna 18A da wadda za ta biyo bayanta sun jawo manyan masu ba da kwangila daga waje, kuma ko asarar da sashen masana'antu ke yi tana raguwa. Kada ka taɓa uwar kuɗin shagonka domin wannan, musamman da yake da dala za ka saya, kuma kamfanin ya tsayar da rabon ribar da za ka iya jingina da ita yayin jira.