Kwamfutarka ba tsufa ta yi ba, faifan cikinta ne ke jan ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na sayi laftof ta hannu, Core i5, RAM 8GB, ma'adanarta 500GB. Idan na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Mai gyara ya ce in saka mata ma'adana mai 1TB. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Girman ma'adana daban, saurinta daban. In ka faɗaɗa rumbu amma ƙofarsa na nan yadda take, hatsin da za ka iya ɗebowa a lokaci guda bai ƙaru ba.

Ina kyautata zaton ma'adanar da ke cikin kwamfutarka irin ta da ce, wadda ake kira HDD. In aka buɗe cikinta za ka ga faifai mai ƙyalli kamar na garmaho, da wani siririn hannu mai kai da komo a kansa. A yawancin laftof faifan yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya. Lokacin da Windows ke tashi, dubban ƙananan fayiloli take nema, a warwatse suke, kuma dole hannun nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Jiran da kake yi kenan. Ita kuwa sabuwar irin ma'adana, wadda ake kira SSD, babu abin da ke motsi a cikinta, dangin memorin waya ce. HDD ta laftof tana karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD mai SATA (sunan irin mahaɗin da ake jona ta da shi ne) tana kai wa 550, kuma a wajen tsintar ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Ka gwada da kanka. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka dubi Disk. In ka ga ya maƙale a 100% alhali ba wani aiki kake yi ba, to ka kama ɓarawon.

Shawarata: SSD mai 256GB, in da hali 512GB. Ban cika son mai 128GB ba, don Windows da sabunta kanta da take yi suna cin kaso mai tsoka, kuma SSD tana rage gudu in ta cika maƙil. Amma kafin ka biya, a buɗe bayan kwamfutar a ga irin mazaunin da take da shi. Akwai wanda ake kira mai inci 2.5, akwai kuma M.2, siririya kamar tsinken cingam. Ita M.2 ɗin ma iri biyu ce, SATA da NVMe, suna kama da juna a ido, amma ba kowace kwamfuta ke karɓar duka biyun ba. Na sha ganin wanda ya sayo NVMe ya zo ana ta fama, kwamfuta ta ƙi ganinta, ga shi an riga an yage leda. Ka ɗauki laftof ɗin ka je da ita shagon, a saka a gabanka.

Kada kuma tsadar NVMe ta tayar maka da hankali. Gaskiya ne tana kai wa megabait 3500 ko fiye, amma ga mai rubuta aikin makaranta da shiga intanet, da ƙyar zai ji bambanci. Babban tsallen shi ne daga HDD zuwa SSD ko wace iri ce. Tsohon faifan naka kuma kada ka bar wa kowa shi. Ka sai masa gida mai igiyar USB, ya zama wurin ajiyar bidiyo da littattafai.

Tambaya: Na sayi ma'adana an rubuta 1TB a kwalinta, kwamfuta ta nuna 931GB. An cuce ni ne?

Amsa: A'a. Kamfanoni suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuma da 1024, shi ya sa mai 500GB ma ke nuna 465. Cutar gaske ita ce ma'adanar jabu, wadda aka yi wa dabara ta nuna 2TB alhali cikinta ɗan kaɗan ne, sai ka loda kaya daga baya su ƙi buɗewa. Manhajar H2testw tana cika ma'adana ta sake karantawa, ta tona asirin irin wannan. In kuma ta hannu za ka saya, CrystalDiskInfo zai nuna maka lafiyarta da yawan awannin da ta yi tana aiki. Duka biyun kyauta ne.

Tambaya: Malam, ni mai ɗaukar hoton biki ce, mata zalla nake yi wa aiki. Duk bidiyon amare na shekara uku suna cikin ma'adana ɗaya da nake yawo da ita a jaka. Kwanan nan ta fara wani ƙas-ƙas in na jona ta. In koma SSD ne?

Amsa: Hajiya, don Allah yau ɗin nan ki kwashe abin da ke ciki, ki fara da wanda ba ki miƙa wa masu shi ba. Wannan ƙarar, hannun da ke karanta faifan HDD ne ke neman hanya yana rasawa, kuma duk jonawar da kika yi tana iya ƙara ɓarna. In ta ƙi buɗewa ki cire, kada ki bari a yi ta gwaji da ita.

Ga mai tara bidiyo irinki, HDD tana da ranarta har yanzu, don ta fi arha sosai in aka kwatanta da girma. Matsalarta ba ta son jijjiga: faɗuwa ɗaya daga kan tebur tana cikin aiki ta isa. Saboda haka wadda za ki riƙa shiga Keke Napep da ita zuwa gidan biki ta zama SSD, ta gida kuma HDD mai 2TB ko 4TB wadda ba ta barin ɗaki.

Mutane na tsoron wai SSD tana ƙarewa da yawan rubutu. Haka ne, amma Samsung 870 EVO mai 500GB an ba ta garantin rubuta terabait 300 (terabait ɗaya 1000GB ne), wato ko kina zuba mata 20GB kullum, lissafin ya haura shekara 40. Abin da ya fi damuna da ita shi ne, in za ta mutu sau da yawa ba ta yin ƙas-ƙas ɗin da taki ta yi miki, shiru kawai za ki ji. Don haka kowane biki ya zauna a wuri biyu kafin ki goge katin kyamara. In kuma kwamfutar tebur kike aiki da ita, ki haɗa ta da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, saboda ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi yana lalata fayil a kan kowace irin ma'adana.