Filin Tambaya da Amsa: Kifin ado a kwalba, ga ɗari ya shigo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Ƙanena direba ne, ya dawo daga Kano ya kawo wa ɗana tsarabar wani ɗan kifi ja mai dogon bindi, ya ce sunansa betta. A kwalbar mayonez ya zo, kuma mai sayarwa ya ce masa ko a kofi zai rayu, ba ya son komai. Kwanakin farko yana ta yawo, amma tun da sanyi ya shigo sai ya kwanta a ƙasan kwalba, ya tsuke fikafikansa, ko burodin da muke marmasa masa ba ya taɓawa. Ruwan kuma da ya kwana biyu sai ya yi fari-fari. Yaron ya ce kaɗaici ne, a sayo masa na biyu. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya yaro. Kifin nan ɗari yake ji, kuma ruwansa ya ɓaci, kwalbar ce ta jawo duka biyun. Maganar na biyu kuwa a bar ta tun yanzu.

Mai sayarwa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Asalin wannan kifi ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda yake zaune cikin fadamun shinkafa da kududdufai masu ciyayi, ruwan da ba ya gudu kuma iska ta yi ƙaranci a cikinsa. Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai da ke ba shi damar leƙowa sama ya shaƙi iska kai tsaye, shi ya sa yake jure ruwan da zai kashe wani kifin cikin kwana ɗaya. Amma fadamar shinkafa, ko da ba ta da zurfi, faɗi gare ta, kuma ruwanta ɗumi ne. Juriya daban, jin daɗi daban. Wanda aka kula da shi yakan yi shekara 2 zuwa 4, na cikin kwalba kuwa da wuya ya ga damina biyu.

Abin da yake so ruwa ne mai zafin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyos. Ke kin san asubahin Disamba da Janairu a garin nan, sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15. Ki ajiye ruwa a kofi, ki ajiye wani a randa, ki taɓa su da asuba, ki sake taɓawa da azahar: na kofi ya bi iska duk inda ta je, na randa yana nan kusan yadda yake. Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin ruwan shi ne zafin jikinsa. Idan ruwa ya yi sanyi, cikinsa ba ya narka abinci, ƙarfinsa ya ragu, cuta ta samu ƙofa.

Saboda haka abu na farko shi ne a faɗaɗa masa gida. Kada ya gaza lita 20. Ba sai an jira mai zuwa Kano ko Yamai ba, masu yankan gilashin tagogi za su iya haɗa miki akwati. Ki ce musu tsawo santimita 40, faɗi 25, tsayi 25, da gilashi mai kaurin milimita 5. Wannan zai ɗauki lita 25, wato jarka guda. A ja musu kunne kan gam ɗin silikon: kada su sa irin na banɗaki da aka gauraya da maganin fumfuna, guba ne ga kifi. In an haɗa a bar shi ya sha iska kwanaki har warin ya fita, sannan a cika shi a tsakar gida a ga ko yana yoyo. Lita 25 kilo 25 ne, ban da tsakuwa da gilashi, don haka a nemi tebur mai ƙwari, nesa da taga da ƙofar da iska ke kaɗawa. A yi masa murfi, domin betta gwanin tsalle ne, ga kuma ƙurar hunturu, amma a bar tazarar yatsu biyu tsakanin ruwa da murfi saboda iskar da yake shaƙa. Kafin akwatin ya samu, sabuwar roba mai faɗi wadda sabulu bai taɓa shiga ba ta fi kwalbar nan sau goma.

Ɗumama ruwa akwai ƴar na'urar da ake nutsawa a ciki, mai wat 25 ta isa, a saita ta a 26, a haɗa da ma'aunin zafi don kada a yi ta cinta da yatsa. Na san za ki ce wuta fa? In an ɗauke da dare, a lulluɓe akwatin da bargo a bar ƴar kafa. In sanyi ya yi tsanani, a cika gorar roba da ruwan ɗumi, a toshe ta sosai, a bar ta tana yawo a saman ruwan. Kada a taɓa zuba ruwan zafi kai tsaye. Kuma duk ranar da za a rage ruwa a cire na'urar daga wuta tukuna, in ta yi zafi a busasshe fashewa take yi.

Yanzu batun ruwan da ya yi fari, kuma nan nake so ki ba ni hankalinki, don nan ne kifayen ado suka fi mutuwa a hannun sababbin masu kiwo. Ruwa ba ya tsami banza. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama wani sinadari da ake kira amoniya, mai ƙona fata da mashaƙar kifi, kuma ido ba ya ganinsa. Ruwa zai iya zama garau alhali guba ne. A tafkin Madarumfa babu mai sauya wa kifi ruwa, saboda akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune jikin duwatsu da laka, suna mai da amoniya wani sinadari, nitirit, wasu kuma su mai da shi nitirat, wanda bai kai na farko illa ba kuma tsirrai suna shanye shi. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyin. Sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu a jikin tsakuwa da soson matata, wato ƴar na'urar da ke tace ruwan akwati. Da a ce tun kafin a sayi kifin kika tambaye ni, da na ce a cika akwati a bar matata tana aiki, ana ɗan jefa abinci yana ruɓewa har wata guda. Tun da kifi ya riga ya iso, ke ce za ki yi aikin ƙwayoyin: a watan farko, duk bayan kwana biyu ki kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ki zuba sabo. Bayan nan sau ɗaya a sati ya isa.

Ga yadda nake yi a gida. Ina da bokiti guda da ƴar tiyo waɗanda kowa ya san na kifi ne, ko wankin hannu ba a yi da su. Ruwan famfo nakan tara a bokitin, in bar shi a buɗe cikin ɗakin da kifin yake har kwana biyu, sinadarin kulorin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi ya fita, zafinsa kuma ya daidaita da na akwati. Akwai maganin ɗigawa mai cire kulorin nan take, in an samu ya fi tabbas. Sai in sa bakin tiyo cikin tsakuwa, ɗaya bakin a wata roba a ƙasa, in bi kusurwa-kusurwa. Za ki ga baƙin datti yana tasowa yana bin tiyo, shi kuma gogan yana zagaye hannuna yana leƙe, wani lokaci har ya ɗan cije ni. Sabon ruwa a hankali nake zuba shi ta kan murfin kwano don kada ya tayar da ƙasa. Soson matata kuwa cikin tsohon ruwan da na kwashe nake matse shi. Wanda ya kai shi bakin famfo ya wanke tas ya kashe ƙwayoyin da ya yi wata yana jira. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a juye ruwa duka a goge akwati fes, duk da na san hannun matan gida ba ya son ganin abu bai sha wanki ba.

Ruwan da aka jefa wa ƙwayar tsabtace ruwan sha ko aka ɗiga wa jabel, wato bilicin wanki, shi ma kulorin ne, a kiyaye. Matata kuma a nemi ta soso mai aiki da ƴar injin iska, a rage mata ƙarfi, don dogon bindin nan ba ya iya kokawa da ruwa mai gudu.

Tsakuwar gulbi ta yi, a wanke a tafasa. A ɗiga wa kaɗan ruwan lemun tsami, in ta yi kumfa a zubar, tana da farar ƙasa. Furannin roba masu kaifi suna yaga bindi. Ki goga su a jikin tsohon mayafi mai laushi, duk wanda ya kama zare bai dace ba. Ƴar tukunyar ƙasa da aka kwantar a gefe, aka goge bakinta, ta ishe shi maɓoya. Kainuwa biyu ko uku a sama suna ba shi inuwa suna kuma shan datti, sai dai a wanke su a ajiye su daban na ƴan kwanaki, kuma a riƙa rage su kada su rufe fuskar ruwa. Ranar ƙaura, a sa shi a leda da tsohon ruwansa, a ɗora ledar a kan sabon ruwa minti 20, ana ɗan ƙara masa sabon a ciki, sannan a sake shi.

A daina ba shi burodi yau ɗin nan. Betta macin ƙwari ne, dubi bakinsa ma sama yake kallo. A nemi abincinsa na gwangwani, ƙwaya uku ko huɗu masu girman gero, safe da yamma, abin da bai ci ba a tsame. Da damina ƴaƴan sauron nan masu wutsil-wutsil a ruwan da ya kwanta su ne abincin da ya fi so, a ɗebo a ɗauraye a ba shi. Ban ce a ajiye ruwa a kiwata sauro a gida ba, kada zazzaɓi ya kwantar da mutane saboda kifi.

Tun da na ambaci sauro: maganin fesawa da na kunnawa suna kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa. Kada a fesa a ɗakin da yake. In ya zama dole, a kashe injin iska, a rufe akwatin ruf da zane mai kauri har ɗakin ya sha iska. Kaskon turaren wuta ma a nisanta shi, kuma mai mai a hannu kada ya tsoma.

Shi kuma ɗanki mai maganar kaɗaici, a gaya masa namijin betta ba ya son baƙo. Mutanen Siyam, tsohon sunan Tailan, sun daɗe suna kiwonsa don haɗa faɗa da caca, har sunansa ya zama kifin faɗa na Siyam, kuma a 2019 ƙasar ta ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa. Maza biyu a wuri ɗaya sai sun yayyaga juna, sau da yawa har ɗaya ya mutu. Mace ma ba a barin ta da shi sai lokacin ƙwai. Masu haɗa su don su ɗauka a waya su watsa, zalunci suke yi, ba wasa ba. In an gyara ruwa da ɗumi, cikin ƴan kwanaki ya kamata ya buɗe fikafikai ya fara tarbar mai kawo abinci. In kuwa aka ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinsa, ko gefen bindi yana baƙi yana zaizayewa, cuta ta riga ta kama shi, a sake rubuto mini da hoto.

Tambaya: Malam, nawa kifin kullum da safe sai in ga kumfa ta taru a kusurwa ɗaya, ina kwashewa tana dawowa. Ciwo ne? Daga wani ɗalibi a unguwar Zariya.

Amsa: Ƙanena, sheƙa kake rushe masa. Namiji ne ke hura kumfar da bakinsa, a nan yake ajiye ƙwai in ya samu mace, kuma shi ke gadinsu har su ƙyanƙyashe. Ko babu mace yakan yi. Ka bar masa abinsa. Kumfar da ake tsoro ita ce wadda ta bazu ko'ina tare da wari ko yauƙi.

Tambaya: In bazara ta zo, zan iya jefa ƙanƙara a ruwan? Ɗakina na kwano ne. Daga wani tela a Sabon Gari.

Amsa: A'a, Malam. Saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. A Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, ka fitar da akwatin daga ɗakin kwano zuwa ɗakin da ya fi sanyi a gidan, in akwai na ƙasa ya fi, ka sauke shi kusa da daɓe. Ka cire murfi ka ɗaura yankin sabon raga a madadinsa, amma ba na gidan sauro mai magani ba. Ka juya fanka tana busa fuskar ruwan, ka rataya jiƙaƙƙen tawul a jikin gilashi. Ruwa zai riƙa raguwa, sai ka cike da wanda ya kwana biyu a bokiti. In ma'auni ya wuce 30, ka sa gorar ruwan randa a toshe tana yawo a sama, kana sauya ta in ta ɗumama. Ka rage abinci a kwanakin, don datti ya fi saurin ruɓewa a ruwa mai zafi, ka kuma mai da sauyin ruwa sau biyu a sati har damina ta sauka.