Na roƙi kyamara 1280x720 amma bidiyon ba haka yake fitowa ba, ya zan gane saitin gaskiya?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Kaura Namoda:

"Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Na haɗa wani ɗan shafi ma Islamiyyarmu, yara suna ɗaukar karatunsu na hadda da bidiyo su turo ma malami ya saurara ya gyara musu. Cikin getUserMedia na sa width 1280, height 720. To amma wasu bidiyon yana zuwa a tsaye, wasu dishi-dishi, wasu kuma girman fayil ɗin yana cinye musu data, ga murya tana hawa tana sauka. Na kira getConstraints() ya nuna mini 1280 da 720 ɗin dai da na sa. Don Allah ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka da alheri kan wanga aiki, wallahi ya burge ni.

Da ka kira getConstraints(), wanda bai da amsar ka tambaya. getConstraints() ba ya duba kyamara ko kaɗan, abin da kai ka rubuta shi yake maido maka. Kamar ka aiki yaro kasuwa da takarda ka rubuta tiya biyu ta shinkafa, ya dawo, maimakon ka buɗe buhu ka auna sai ka karɓi takardar ka karanta ka ce to tiya biyu ce. Buɗe buhun shi ne getSettings(). Akwai na uku kuma, getCapabilities(), shi yana gaya maka iyakar abin da kyamarar ko makirfon za su iya, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Dukkansu ukun a jikin track suke ba a jikin stream ba (stream shi ne abin da getUserMedia, mai buɗe kyamara da makirfo, ke miƙo maka, track kuma zaren bidiyo ko na sauti da ke cikinsa), nan ma mutane da yawa ke tuntuɓe, sai ka ciro track ɗin tukuna:

const v = stream.getVideoTracks()[0];
const a = stream.getAudioTracks()[0];
console.log(v.getSettings(), a.getSettings());

getSettings() ba ya buƙatar await, wato jira, nan take yake ba ka amsa. Na bidiyo za ka ga width, height, frameRate, aspectRatio, facingMode, deviceId, a Chrome har da resizeMode. Na sauti kuma sampleRate, channelCount, echoCancellation, noiseSuppression, autoGainControl da sauransu. Sai dai ba kowace burauza ke cika duka ba, wani filin sai ka tarar undefined, don haka kar ka rubuta kod ɗin da zai faɗi in wani bai zo ba.

To mi ya sa ba a ba ka 1280x720 ɗin ba? Saboda yadda ka rubuta shi. In ka sa lamba tsirara kamar width: 1280, burauza tana ɗaukarsa a matsayin ideal, wato "in da hali". Za ta duba abin da kyamarar ke iyawa ta zaɓi wanda ya fi kusa, ta miƙo maka shiru ba tare da ta ce maka komai ba. In kana son dole sai shi, exact ake sawa, ko min da max. Amma ni ban ba ka shawarar exact ba a irin aikinka, domin wayar da ba ta iya ba za ta jefo maka OverconstrainedError ne, kyamara ba za ta buɗe ba sam, yaro ya zauna da Alƙur'ani a gabansa yana kallon baƙin allo. Kai kuma ba ka san wayar da ke gidan kowa ba, wani Tecno ce ta shekaru, wani itel ɗin mamarsa ce, wani ta yayansa ya aro. Ka roƙa da ideal, ka karanta da getSettings(), sannan shafinka ya daidaita kansa da abin da anka samu.

Batun bidiyon da ke zuwa a tsaye, wannan ba lalacewa ba ce. Yaro ya riƙe waya a tsaye, sau da yawa sai ka ga width 720, height 1280, sun yi musanya. Kuma in ya juya wayar yana cikin ɗauka lambobin na iya canzawa, shi kuwa getSettings() hoton wannan lokacin da ka kira shi kawai yake ba ka, abin da ka ajiye a variable minti biyu da sunka wuce ba ya sabunta kansa. Ka sake kira duk sanda kake buƙata. Ni nakan haɗa da videoWidth da videoHeight na video element ɗin bayan loadedmetadata, in kuma saurari resize a kansa, da girman ya motsa zan sani.

Yanzu ga inda nake son ka natsu, don shi kansa getSettings() yana da iyaka. Abin da yake faɗa saitin da anka ɗora na'urar a kai ne, ba awon abin da ke fitowa kowace daƙiƙa ba. Na ga wannan da idona a nan Gusau. Wani dare bayan isha'i wuta ta ɗauke, ina gwada wani shafi a tsakar gida da 'yar fitilar caji, frameRate, wato yawan firem (hotuna) a kowace daƙiƙa, yana nuna mini 30 daram, amma in na ɗaga hannu a gaban kyamara sai in ga hannun yana jan inuwa yana tsalle-tsalle. Da na ƙirga firem ɗin da kaina da requestVideoFrameCallback sai na tarar wajen rabin haka nake samu. Dalili shi ne in haske ya yi ƙaranci kyamara tana ƙara tsawon lokacin da take buɗe ido kan kowane firem don ta tara haske, sai adadinsu ya ragu, hoton kuma ya yi yashi-yashi. Ina kyautata zaton dishi-dishin da kake gani da yawansa daga nan yake, don yaran Islamiyya galibi bayan magariba ko da asuba suke hadda. Wanga ba kod ke gyara shi ba, ka rubuta musu a saman shafin da Hausa cewa su fuskanci fitila ko ƙofa, kar hasken ya kasance a bayansu.

Sai murya, kuma a ganina ita ce ta fi komai muhimmanci a aikinka, malami zai iya haƙuri da hoto mara kyau amma ba zai gyara gunna ko madda da bai ji da kyau ba. Ka duba a.getSettings() a Chrome, in audio: true kawai ka sa za ka tarar echoCancellation, noiseSuppression da autoGainControl duk true suke. An yi su ne don kiran hira, inda ake son a kashe amsa-kuwwa da ƙarar fanka da janareta. autoGainControl shi ke ɗaga murya in ta yi ƙasa ya danne ta in ta yi sama, hawa da saukar da kake ji kenan. Mai tace hayaniya kuma don maganar yau da kullum anka tsara shi, karatu mai jan sauti da rerawa yana iya fitowa a shaƙe kamar daga cikin tulu. Tunda yaron shi kaɗai ke karatu ba hira yake da kowa ba, ka kashe su tun wurin buɗewa:

audio: { echoCancellation: false, noiseSuppression: false, autoGainControl: false, channelCount: 1 }

Sannan ka sake karanta getSettings() ka tabbatar sun koma false, kar ka ɗauka don ka rubuta an yi. Amma ka gwada duka biyun ka saurara da kunnenka, gidan da janareta ke ruri a bayan taga wataƙila barin noiseSuppression ya fi alheri, kana ma iya sa maɓalli malamin ko uban yaron ya zaɓa. Wani abu kuma, in yaro ya saƙala abin kunne na Bluetooth, makirfonsa yana aiki ne da tsarin kiran waya mai sampleRate 8000 ko 16000, maimakon 44100 ko 48000 da anka saba gani, muryar sai ta zama siririya irin ta rediyo mai nisa. Ka duba a.label da sampleRate, in ka ga alamar haka ka nuna masa saƙo ya cire ya yi da makirfon wayar.

Girman fayil kuwa getSettings() ba zai gaya maka ba, wannan hurumin MediaRecorder ne, wato mai naɗa bidiyon ya zama fayil. Lissafin mai sauƙi ne, in ana naɗa a megabit 2.5 kowace daƙiƙa, minti ɗaya ya kama MB 18.75, karatun minti 5 ya haura MB 90, wa zai iya wannan kullum da kuɗin data na yanzu? In ka sa videoBitsPerSecond: 500000 minti ɗaya ya dawo MB 3.75, ban da ɗan abin da sauti zai ƙara. Ni da ni ne, 640x480 da frameRate 15 zan roƙa, malami bakin yaro yake son gani da yadda yake fitar da harafi, ba fim ake ba, in bar wa sautin kasonsa da kyau. Bayan ka fara naɗa ka karanta recorder.mimeType da recorder.videoBitsPerSecond su ma, ka ga abin da anka ba ka.

In kana son sauya girma ana cikin aiki akwai applyConstraints(), shi Promise yake maidowa, ka jira shi da await sannan ka kira getSettings(). Ka lura sabon roƙon yana share tsohon ne gaba ɗaya, in ka tura frameRate kaɗai to width da height ɗin da ka sa a baya sun fita daga roƙon, ka haɗa su duka ka tura. Kuma ba da shi ake juyawa daga kyamarar gaba zuwa ta baya ba, sai ka yi v.stop() ka sake getUserMedia da facingMode ɗin da kake so. Wayoyin Android da yawa ba su yarda a buɗe kyamara biyu lokaci guda, in ba ka rufe ta farko ba NotReadableError za ka gani.

Ga wata dabara da ta sha fitar da ni. Ba za ka bi gida-gida daga Kaura zuwa ƙauyuka kana buɗe console a wayar mutane ba. Ka sa ɗan maɓalli a ƙasan shafin, "duba saiti", in an taɓa ya zubo JSON.stringify(v.getSettings(), null, 2) da na sautin a kan allo, duk wanda ya kawo ƙorafi ka ce ya ɗauki hoton allon ya turo maka ta WhatsApp. Ka cire deviceId da groupId kafin ka nuna ko ka ajiye a saba (server), ba su da amfani gare ka a nan, kuma shaidar na'urar mutum ce, balle ma yara ne. Cikin mako guda za ka san irin wayoyin da ɗalibanku ke riƙe da su da abin da kowace ke bayarwa.

Kuma in kana gwaji daga laftof zuwa wayarka ta hotspot, ka buɗe adireshi irin 192.168 ka ga navigator.mediaDevices ya zama undefined, ba wayar ba ce. Tun Chrome 47 a ƙarshen 2015 anka hana buɗe kyamara da makirfo a shafin da ba https ba, amma an ɗaga ma localhost ƙafa, wato adireshin na'urar da kake kai. Ka jona wayar da kebul, ka kunna USB debugging, ka buɗe chrome://inspect a laftof ɗin ka tura port ɗin shafin zuwa wayar (port forwarding), sai wayar ta ga shafin a matsayin localhost, console ɗinta ma ya fito maka a babban allo. In ka samu hotunan allo na wayoyi uku ko huɗu da sunka fi ba ka wahala, ka turo mini su tare da layin getUserMedia ɗinka mu duba tare, ka kuma gaishe mini da malaman.